Zink da Lafiyar Maza: Inda Bincike Ya Tsaya da Inda 'Yan Talla Suka Zarce

Tun lokacin annobar korona sunan zink ya shiga bakin mutane. A wancan lokaci ana sayensa ne tare da bitamin C don neman kariya. Annoba ta wuce, amma ƙwayar ba ta bar kantar kemis ba, sai dai tallarta ta sauya salo. Yanzu a WhatsApp da TikTok ana cewa zink na ƙara ƙarfin namiji, yana kauri da yawan maniyyi, yana gina damtse ga masu ɗaga ƙarfe, har ma yana kawo haihuwa ga wanda ya daɗe yana nema. A gefe guda kuma akwai likitocin da ke cewa yawancin masu shan ƙwayar asarar kuɗi kawai suke yi. Magidanci ya rasa wa zai saurara. Kowane ɓangare yana da abin kamawa, kuma saɓanin nasu ya rataya ne a kan tambaya ɗaya: shin mai shan ƙwayar yana da ƙarancin zink a jikinsa, ko ba shi da shi?

Mene ne zink, kuma me yake yi a jiki?

Zink, ko tutiya, ma'adini ne da jiki ke buƙatar kaɗan daga cikinsa amma ba ya iya rayuwa babu shi. Duk abin da ke jikin baligi bai wuce giram 2 zuwa 3 ba, kuma mafi yawansa yana cikin tsoka da ƙashi. Sinadaran aiki na jiki, waɗanda masana ke kira enzayim, fiye da 300 ne ba sa tafiya sai da shi. Da shi ake sabunta ƙwayoyin halitta, da shi rauni ke warkewa, garkuwar jiki na dogara da shi, haka nan ɗanɗano da jin ƙamshi.

Abin lura a nan shi ne jiki ba shi da rumbun da yake tara zink don gobe, kamar yadda yake ajiye sinadarin ƙarfe a hanta. Kullum ana zubar da kaɗan ta bayan gida da fitsari da zufa, don haka kullum sai an mayar ta hanyar abinci. Hukumomin lafiya na Amurka sun sa wa baligin namiji miligiram 11 a rana, mace kuma 8. Hukumar kula da ingancin abinci ta Turai ba ta tsaya a lamba ɗaya ba: ta ce buƙatar namiji tana kamawa daga miligiram 9.4 zuwa 16.3, ya danganta da irin abincin da yake ci. Wannan bambanci yana da muhimmanci ga mai cin tuwo, kuma za a zo kansa.

A jikin namiji akwai inda zink ya fi taruwa. Furostet, wato ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsara wanda ke samar da wani kaso na ruwan maniyyi, ya fi sauran sassa masu laushi na jiki yawan zink. Maraina na buƙatarsa wajen ƙera ƙwayoyin maniyyi da kuma samar da testosteron, sinadarin da ke kawo gemu da kaurin murya da sha'awa da ginin tsoka. Daga nan ne alaƙar zink da mazakuta ta samo asali, kuma alaƙa ce ta gaskiya.

Samarin Shiraz: asalin labarin

Kafin shekarun 1960 masana sun san dabbobi da tsirrai na buƙatar zink, amma ba a ɗauka mutum zai iya rasa shi ba. Likita Ananda Prasad, haifaffen Indiya da ya yi aiki a Amurka, shi ne ya sauya wannan fahimta. A birnin Shiraz na Iran ya ci karo da wani saurayi ɗan shekara 21 wanda idan ka gan shi sai ka ce yaro ne ɗan shekara goma: gajere, ga ƙarancin jini, al'aurarsa ba ta girma ba, babu alamar balaga. Abincinsa gurasar alkama ce da ba a sa mata yis ba, nama sai jefi-jefi, kuma yana cin farar ƙasa da yawa. Ba shi kaɗai ba ne, akwai irinsa a ƙauyukan yankin. Prasad da abokan aikinsa sun wallafa bayaninsu a 1961. Daga baya a Masar suka sami samari masu irin wannan hali, suka auna jininsu, suka tabbatar a 1963 cewa zink ne ya yi ƙaranci. Da aka ba su, tsayinsu ya ƙaru, kuma cikin watanni alamun balaga suka bayyana. A 1974 Amurka ta sa zink cikin jerin abubuwan da ake buƙata kullum a abinci.

A 1996 Prasad ya sake fitar da wani bincike, kuma shi ne 'yan talla suka fi ambato har yau. An rage wa wasu samari masu lafiya zink a abincinsu na tsawon makonni 20, sai testosteron ɗinsu ya faɗi zuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na yadda yake. An kuma ba wasu dattawa masu ɗan ƙarancin zink ƙari na wata shida, nasu ya kusa ninkawa. Sakamakon gaskiya ne. Sai dai mutanen da aka gwada 'yan ƙalilan ne, kuma dukansu masu ƙaranci ne, ko dai na asali ko wanda aka jawo musu da gangan. Binciken ya nuna cewa rashin zink na karya testosteron, kuma mayar da shi yana gyarawa. Bai nuna cewa wanda jikinsa ya wadatu zai samu ƙari ba. Lamarin kamar gishiri ne a miya: idan babu, miyar lami ce, idan ya ji daidai, ƙarin cokali ba ya ƙara daɗi, ɓata tukunyar yake yi.

Masu ɗaga ƙarfe da ƙwayar ZMA

A wuraren motsa jiki an fi sanin zink ta hanyar haɗin da ake kira ZMA, wanda ya ƙunshi zink miligiram 30, da magnesiyom, da bitamin B6. Wani ɗan kasuwa Ba'amurke mai suna Victor Conte ne ya ƙirƙiro shi. A shekarar 2000 aka wallafa bincike kan 'yan wasan ƙwallon Amurka na wata jami'a, wanda ya ce haɗin ya ɗaga testosteron da ƙarfin tsoka. Conte da kansa yana cikin marubutan binciken, ga shi kuma shi ne mai hajar. Shi ne dai ya kafa kamfanin BALCO, kuma an ɗaure shi a 2005 kan raba wa 'yan wasa haramtattun ƙwayoyin ƙara kuzari.

Da wasu masana suka sake gwadawa, ba su ga abin da aka faɗa ba. Binciken Wilborn da abokan aikinsa na 2004, a kan maza masu ɗaga ƙarfe na tsawon makonni takwas, bai sami wani bambancin a-zo-a-gani ba a testosteron ko ƙarfi ko girman tsoka. Wani binciken da aka yi a Jamus ya nuna cewa ga mazan da abincinsu ya wadatu, ƙarin ya ɗaga zink a jini da fitsari, testosteron kuwa yana nan inda yake.

Masu goyon bayan ƙari suna da hujja ɗaya mai nauyi: zufa na fitar da zink, kuma mai motsa jiki sosai a ƙasa mai zafi yana zubar da ita da yawa. Ɗan dambe ko ɗan kokawa ko ɗan ƙwallo da ke atisaye a zafin bazara, idan kuma yana takura wa cikinsa don rage nauyi, zai iya shiga ƙaranci, kuma ƙaranci na rage juriya. Ga irin wannan, cike giɓin yana da amfani. Amma abin da zai samu shi ne komawa ƙarfinsa na asali.

Batun haihuwa

Nan ne damuwar ta fi zafi, domin namijin da ya yi shekaru da aure babu ƙaruwa ba ya jin tsadar duk abin da aka ce zai taimaka. Hujjar masu ba da shawarar zink ita ce bincike da dama sun gano cewa, a jimlace, maniyyin maza masu matsalar haihuwa ya fi ƙarancin zink, kuma wasu ƙananan gwaje-gwaje sun nuna ƙaruwar adadin ƙwayoyin maniyyi bayan an sha.

Gwaji mafi girma ya fito a mujallar likitoci ta JAMA a watan Janairun 2020. A Amurka aka ɗauki ma'aurata 2,370 masu neman maganin haihuwa, aka raba mazan gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Rukuni ɗaya ya sha zink miligiram 30 da folik asid (wani nau'in bitamin B) miligiram 5 kullum har wata shida, ɗaya rukunin ya sha ƙwayar da ba ta ɗauke da komai. A ƙarshe kashi 34 cikin ɗari na rukunin farko suka samu haihuwa, na biyu kuma kashi 35. Adadin ƙwayoyin maniyyi da motsinsu da surarsu ba su bambanta ba. Waɗanda suka sha zink sun fi kokawa da ciwon ciki da tashin zuciya da amai.

Adalci shi ne a faɗi iyakar wannan gwaji ma. An yi shi ne a ƙasar da mutane ke cin nama da yawa, inda ƙarancin zink ba ruwan dare ba ne. Bai amsa tambayar manomin da abincinsa hatsi ne safe da dare ba. Abin da ya rushe shi ne da'awar cewa zink maganin rashin haihuwa ne ga kowane namiji.

Akwai kuma maganar da ke yawo cewa yawan kusantar iyali yana ƙarar da zink na jiki. Gaskiya ne maniyyi na ɗauke da shi, amma abin da ke fita a karo guda galibi bai kai miligiram ɗaya ba, kuma abinci mai kyau yana mayar da shi.

Tuwo, faitet, da dalilin da tambayar ta bambanta a ƙasar Hausa

Gero da dawa da masara da wake da gyaɗa duk suna ɗauke da zink. Matsalar ita ce suna ɗauke da wani sinadari mai suna faitet, wanda ke kama zink a hanji ya hana jiki tsotse shi. Shi ne ya kassara samarin Shiraz: gurasarsu tana da zink, amma da yake ba a bari ƙullun ya tashi ba, faitet ya riƙe shi. Shi ya sa hukumar Turai ta ɗaga buƙata zuwa miligiram 16.3 ga mai cin abinci mai yawan faitet. Wani ƙiyasi da masana Wessells da Brown suka fitar a 2012 ya nuna kusan kashi 17 cikin ɗari na mutanen duniya na cikin haɗarin rashin samun isasshen zink, kuma a Afirka kudu da Sahara adadin ya kai kusan mutum ɗaya cikin huɗu. Ke nan magidancin da ke karyawa da ɗumame, ya ci wake da shinkafa da rana, ya kwana da tuwon dawa miyar kuka, nama sai ranar kasuwa ko ranar suna, yana kusa da ƙaranci fiye da mazan da aka gwada a Amurka da Jamus.

Abin sha'awa shi ne ɗakin girkin Bahaushe ya daɗe da hanyar karya faitet. Dubi yadda ake yin kamu: a jiƙa gero ya kwana, a wanke, a kai niƙa, a tace, a bar gasarar ta kwanta har ta yi tsami. Jiƙon nan da tsamin nan suna tayar da sinadaran da ke narkar da faitet, don haka kokon da aka dama da kamu mai tsami ya fi sakin zink a kan tuwon da aka tuƙa da garin da aka niƙa a bushe. Haka ƙullun masa da ya kwana ya tashi, haka daddawa, haka hatsin da aka bari ya tsiro, haka wake idan an jiƙa shi an zubar da ruwan kafin a dafa. Surfe ma yana rage faitet, sai dai yana tafiya da wani kaso na zink ɗin a cikin dusa.

Zink na nama kuwa jiki ya fi saurin karɓarsa, kuma ɗan nama a cikin abinci yana taimaka wa na hatsin ya shiga. Giram 100 na dafaffen naman sa yana ba da kimanin miligiram 4 zuwa 6, wato kusan rabin buƙatar yini. Hanta, naman rago da na akuya, kifi, ƙwai da nono duk suna bayarwa, haka ma fara. Cikin tsirrai riɗi da agushi da 'ya'yan kabewa suna sahun gaba, duk da su ma suna da faitet. Wanda ya fi kowa shi ne kawa, wata halittar teku mai ɓawo, wadda littattafan Turawa ke fara ambato, amma ba abincin Kano ko Maraɗi ba ce. Fura da nono, ko miyar agushi da 'yar tsokar nama, sun fi kusa da hannu.

A ɓangaren noma ma an motsa. A 2018 Nijar ta saki wani irin gero mai suna Chakti, wanda cibiyar binciken noma ta ICRISAT ta inganta domin ya fi yawan sinadarin ƙarfe da zink. A Najeriya kuma ƙa'idar ƙara sinadarai a fulawa ta haɗa da zink.

Su wa ke cikin haɗarin ƙaranci, kuma yaya ake ganewa?

Bayan masu dogaro da hatsi zalla, akwai masu sikila, waɗanda jikinsu ke zubar da zink ta fitsari kuma an san su da jinkirin balaga. Akwai masu ciwon suga, masu ciwon hanta ko ƙoda, masu gudawa mai daɗewa, masu shan giya da yawa, da dattawan da cin abincinsu ya ragu. Wasu magungunan hawan jini masu sa fitsari ma suna ƙara fitar da shi.

Alamomin ba su keɓanta da zink ba: rashin cin abinci, dushewar ɗanɗano, rauni ya ƙi warkewa, zubar gashi, ƙuraje, yawan kamuwa da cuta, raguwar sha'awa. Gwajin jini yana taimakawa amma ba ya yanke hukunci, domin zink na jini yana sauka idan mutum na da zazzaɓi, kuma yana sauyawa tsakanin safiya da yamma. Shi ya sa likita ke haɗa sakamakon da tarihin abinci da sauran cututtuka.

Zink da iyaye mata suka sani, wanda ake ba yaro mai gudawa tare da ruwan gishiri da suga, wani babi ne daban. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun ba da shawararsa tun 2004: miligiram 20 a rana na kwana 10 zuwa 14, rabin haka ga jaririn da bai kai wata shida ba. Amfaninsa a nan tabbatacce ne, amma ba hujja ba ce ga baligi ya mayar da shi abin sha na kullum.

Idan ya yi yawa

Amurka ta sa iyakar abin da baligi zai sha a rana, haɗe da na abinci, a miligiram 40. Turai ta tsaya a 25. Ƙwayoyi da yawa a kasuwa suna ɗauke da 50 a guda ɗaya. Rubutun jikin kwalba ma yana ruɗarwa: zink salfet miligiram 220 yana nufin zink zalla miligiram 50 ne. Wanda ke shan ZMA da dare, da haɗin bitamin da safe, da wata ƙwayar ƙarfin maza a tsakani, zai iya zarce iyaka ba tare da ya sani ba.

Illar nan take ita ce tashin zuciya da amai da ciwon ciki, musamman idan an sha babu komai a ciki. Ta dogon lokaci ta fi haɗari. Zink mai yawa yana hana hanji karɓar sinadarin tagulla, kuma rashin tagulla na jawo ƙarancin jini, raunin garkuwar jiki, da lalacewar jijiyoyi: ƙafafu su riƙa mutuwa, tafiya ta rikice, wani lokaci ba ya gyaruwa gaba ɗaya ko an daina sha. Yana kuma rage kitsen jini mai amfani. Wani bincike na jami'ar Harvard da aka wallafa a 2003, wanda ya bi maza kusan 47,000 na shekara 14, ya gano cewa masu shan fiye da miligiram 100 a rana sun fi ninki biyu na haɗarin kansar furostet mai tsanani. Irin wannan bincike alaƙa yake nunawa, ba ya tabbatar da cewa zink ne sanadi, amma ya isa ya sa a yi hattara da da'awar cewa yawan zink na kare furostet.

Sai kuma karo da magunguna. Zink yana kama siprofuloksasin da tetirasaikilin a ciki ya rage musu ƙarfi, ga shi kuma magunguna ne da ake yawan sha a kan taifot da ciwon sanyi. Ƙa'ida ita ce a sha maganin aƙalla awa biyu kafin zink, ko awa huɗu zuwa shida bayansa.

Abin da wannan ke nufi ga magidanci

Babbar asarar ba kuɗin ƙwayar ba ce, lokacin da take cinyewa ne. Raunin gaba sau da yawa shi ne alamar farko ta ciwon suga ko hawan jini ko toshewar jijiyoyin jini, kuma yakan riga ciwon zuciya bayyana da shekaru. Taba, ƙiba, rashin barci da damuwa duk suna da hannu, haka nan tramadol da kodin, waɗanda ke danne testosteron. Mutumin da ya shekara yana shan zink a kan wannan matsala ya shekara ne ba a auna sugansa ba. Wani abin kuma, an sha kama kayan ƙarfin maza da aka ce na ganye ne ko na bitamin, aka tarar an cusa musu sildenafil, sinadarin da ke cikin Viagra. Mai sha zai ga aiki nan take ya yaba wa zink, alhali abin da ya yi aikin yana iya faɗar da hawan jinin mai shan wasu magungunan zuciya zuwa matakin halaka. Lambar NAFDAC a jikin kwalba tana da amfani, amma ba shaida ba ce cewa duk abin da ɗan talla ya faɗa da baki an gwada shi.

Ga mai neman haihuwa, gwajin maniyyi a asibiti shi ne matakin farko, kuma yana iya nuna abubuwan da zink ba ya taɓawa, kamar kumburin jijiyoyin maraina ko toshewar hanya bayan ciwon sanyi. Idan likita ya ga alamun ƙaranci ya rubuta zink, yakan zama na ƙayyadadden lokaci ne da ƙayyadadden adadi. Kuma tunda ƙwayar maniyyi tana ɗaukar kusan kwana 74 kafin ta kammala, ba a sake gwaji don ganin sauyi sai bayan kamar wata uku.